Daga Zongo Zuwa Ejura: Dalma Mai Riga Da Marar Riga

Kowace shekara, da zarar ranar 1 ga watan Disamba ta wuce, hunturu ya fara gangarowa daga arewa, sai hirar farauta ta taso a majalisun Zongon Kumasi, tun daga Aboabo har Sabon Zongo da Asawase. Dalili kuwa shi ne, tun shekarar 1971 dokar ƙasar nan ta rufe farauta daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba, watau lokacin da namun daji ke haihuwa da renon 'ya'yansu. In an buɗe, sai masu bindiga su shiga goge ta, masu sha'awar naman zabon daji da fakara su fara lasar baki.

To, bana hirar ta zo da sabon salo. Samarinmu da ke zaune a Italiya da Jamus da Amurka suna ba 'yan'uwansu labarin wani irin harsashin harbin tsuntsu da maharban can ke yabo, wanda aka yi wa ƙwayoyinsa riga ta jan ƙarfe ko ta wani farin ƙarfe mai suna nikel. Sun ce ya fi tafiya sak, ya fi huda, ya fi kisa. Dattawan maharba kuwa suka ce dalma dalma ce, ko an naɗa mata rawani. Da gardama ta yi tsawo, muka ce gani ya kori ji, bari mu bi sawun dalmar nan daga cikin gari har dajin Ejura, mu kawo wa masu karatu abin da muka tarar.

Gidan Tarihin Soja

Mun fara da tsohuwar ganuwar Turawa da ke kusa da Adum, wadda Ingilishi suka gama ginawa a 1897, yanzu kuma ta zama gidan tarihin soja. A nan ne aka tsare gwamna Hodgson da mutanensa a yaƙin Yaa Asantewaa na 1900. Wanda ya shiga ya ga tsofaffin bindigogin da ke jere zai gane cewa dalma tsohuwar baƙuwa ce a garin nan. Tonawa sun daɗe suna sayen bindigar adaka da albarushi da sandunan dalma daga Turawan bakin teku, a Elmina da Osu da sauran wurare, su yayyanka dalmar gutsi-gutsi su ɗura. In dalma ta yi ƙaranci, sai a ɗura guntayen ƙarfe da tsakuwa. Sarakunan Asante kuma ba su yarda bindiga da albarushi su wuce arewa yadda aka ga dama ba, saboda haka kakanninmu fataken Gwanja da ke kai goro ƙasar Hausa daga Salaga suna ganin bindiga a hannun Tonawa, amma abin da suka fi dogara da shi a hanya shi ne baka da kibiya da mashi.

Ƙwayar nan mai zagaye sumul da muke gani a cikin harsashi yau, asalinta wani mutumin Biristol ne a Ingila, mai suna William Watts. A 1782 ya yi rajistar wata dabara: a narka dalma a saman doguwar hasumiya, a zubo ta ta rariya, kafin ɗigon ya iso cikin ruwan da ke ƙasa ya dunƙule ya zama kamar ƙwayar dawa. Amfanin zagayen shi ne iska ba ta karkatar da ƙwaya mai zagaye kamar yadda take karkatar da gutsure mai kusurwa. Wannan magana ta zagaye, a riƙe ta, don ita ce tushen duk gardamar.

Abin Da Rigar Take Yi

Dalma ƙarfe ce mai nauyi amma mai taushi, har farce yana iya yi mata zane. Sa'ad da aka ja kunama, albarushi ya kama, ƙwayoyin da ke ƙasa suna shan matsi daga na sama, na gefe kuma suna gogar cikin bututun bindiga. Wasu sai su fito a lotse, kamar gyaɗar da aka taka. Waɗannan lotsattsun su ne ke bauɗewa, su bar 'yan'uwansu, ko su rasa ƙarfi kafin su isa ga tsuntsu. In sun isa ɗin ma, sukan naɗe gashi su tura shi cikin nama, sai hudar ta tsaya a sama-sama. Tsuntsun ya tashi da rauni, ya je ya mutu a cikin ciyawa, maharbi bai samu ba, tsuntsu bai tsira ba.

Masu ƙera harsashi suna maganin wannan ta hanya biyu. Ta farko, su gauraya dalmar da wani ma'adini mai suna antimoni don ta yi tauri. Ta talakawa tana da wajen kashi 2 cikin 100, mai kyau kuwa takan kai kashi 5 ko 6. Ta biyu, su yi wa ƙwayar riga ta jan ƙarfe ko nikel, don ta yi santsi, ta ratsa gashi ba tare da ta naɗe shi ba. Kamfanin Fiocchi na garin Lecco a Italiya, wanda aka kafa a 1876, yana cikin waɗanda suka yi suna da mai rigar nikel, kuma daga wajensa ne yawancin labarin samarinmu ya samo asali.

Amma fa rigar nan siririya ce ƙwarai, ba ta kai kaurin bawon albasa ba. In dalmar da ke ciki mai taushi ce, rigar ba za ta hana ta lotsewa ba. Akwai ma masu araha da aka shafa musu launin jan ƙarfe kawai don ɗaukar ido. Fankan fankan ba shi ne kilishi ba. Ƙwaya mai tauri marar riga ta fi ƙwaya mai taushi mai riga. Inda mai riga ta ainihi ke nuna fifikonta shi ne a harbi mai nisa, a kan babban tsuntsu mai kaurin gashi. A kusa kuwa, wajen taku 25 zuwa 30, da ƙyar maharbi zai ga bambanci, sai dai aljihunsa ya ji.

Atwemonom

Daga Adum muka gangara wajen Kejetia, muka shiga Atwemonom, tsohuwar kasuwar naman daji ta Kumasi. Da sassafe ake zuwa, lokacin da motoci ke sauke abin da aka harbo da dare. Hayaƙin babbaka ya turnuƙe wurin, ga gada, ga mazo, ga akrantie wanda Tonawa ke ji da shi, mata 'yan kasuwa kuma su ne masu faɗa a ji, har wasunsu ke ba maharba bashin kuɗin harsashi a biya su da nama. Yawancinmu mutanen Zongo ba ma sayen nama a nan saboda shakkar yanka, amma wurin ya koya mana abu guda: farautar yankin nan ta dabba mai ƙafa huɗu ce, saboda haka harsashin da aka fi sani shi ne mai manyan ƙwayoyi, wanda ake kira AA da BB.

A nan ne muka ga inda gardamar majalisa ta bar jaki tana dukan taiki. A cikin giram 28 na dalma, ƙwayoyin BB ba su wuce 50 zuwa 70 ba, na AA ma ba su kai haka ba. Lamba 6 kuwa, wadda ake yi don tsuntsu, ƙwayoyinta sun haura 200. Wanda ya harbi fakara da BB daga nesa, ƙwayoyin suna watsewa su bar giɓin da tsuntsuwar za ta bi ta tsakaninsu lafiya lau. In kuma daga kusa ne, sai ya dagargaza naman. Ashe kafin a tambayi ko ƙwaya tana da riga, sai a fara tambayar girmanta. Ga zabon daji, lamba 4 ko 5; ga fakara da hasbiya, lamba 6 ko abin da ya fi ta ƙanƙanta.

Suame Magazine

Daga nan muka hau mota zuwa Suame Magazine, garin maƙera da kanikawa, inda dubban mutane ke aiki, cikinsu har da 'ya'yan Zongo masu yawa. Sunan ma kansa daga bindiga ya fito, don masu sana'ar sun fara taruwa ne tun zamanin Turawa kusa da rumbun ajiye makaman soja, wanda ake kira magazin da Turanci, sunan kuma ya bi su har Suame. Ƙarar guduma ba ta barin mutum ya ji maganar na kusa da shi, ƙasar wurin kuwa baƙin mai ya rine ta.

Abin da ya kai mu shi ne tsofaffin baturan mota, waɗanda cikinsu dalma ce. Masu sayen tsohon ƙarfe suna tara su, kuma a ƙauyuka akwai masu adaka da ke narka irin wannan dalma su yi wa kansu ƙwaya saboda tsadar harsashin kanti. Dalma ba ta da wuyar narkewa, zafin digiri 327 ya ishe ta, garwashin gawayi ma yana iya kaiwa. Wannan sauƙin shi ne haɗarinta. Ana narka ta a tsakar gida, ƙurarta da tokarta su zauna a ƙasar da yara ke rarrafe, a inda ake shanya hatsi, a kusa da murhu. Sa'an nan a tuna, dokar makamai ta 1972 ba ta yarda kowa ya ƙera bindiga ko harsashi ba sai da izini, mallakar bindiga kuma sai da lasin daga 'yan sanda, farauta sai da takarda daga hukumar kula da namun daji. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai niyyar shiga daji ya gyara takardunsa tun kafin Disamba.

Hanyar Fataken Goro

Kashegari da asuba muka kama hanyar Mampong. Mun wuce Tafo da Pankrono da Agona, muka iso Jamasi, inda hanya ke fara hawan dutse tana lanƙwasa kamar maciji, direba yana sauya giya, fasinja suna salati. Bayan Mampong sai ƙasa ta fara sauya kama. Manyan itatuwan kurmi suka ja baya, ciyawa ta yi tsawo, gonakin masara da doya suka miƙe iyakar ganin ido. Wannan ita ce tsohuwar hanyar da ke zuwa Atebubu da Yeji, a ƙetare ruwa a nufi Salaga. Kakanninmu sun taka ta da jakuna, mu ga mu a cikin mota muna ƙorafin rami.

Ejura tana da nisan wajen kilomita 100 daga Kumasi, kuma Bahaushe ba ya baƙunta a can. Zongonta babba ne, Hausa ce harshen ciniki a kasuwarta ta ranar Litinin, inda manyan motoci ke lodin masara da wake da doya zuwa Kumasi da Ankara. A bayan gari, inda gona ta haɗu da daji, nan ne gidan zabon daji da fakara. Da sanyin safiya za ka ji kukan fakara daga kan suri, zabi kuma suna fitowa garke-garke su yi kiwo a gonakin da aka girbe. Sai dai ba ko'ina ake harbi ba: dajin Kogyae da ke gabas keɓaɓɓe ne, doka ta hana farauta a cikinsa ko da an buɗe lokaci.

Mun kwana biyu tare da waɗansu maharban Zongon, kuma abin da suka fi nanatawa ba harsashi ba ne, tazara ce. Zabon daji tsuntsu ne mai wayo da kaurin gashi, ya fi son gudu da ƙafa, ba ya tashi sai an matsa masa. Saurayi mai zumuɗi yakan saki wuta daga taku 60, ya ga gashi ya tashi, zabo ya tafi da ƙwaya biyu a cinya. Wani dattijo a cikinsu da muka kawo masa zancen mai riga, sai ya yi dariya ya ce, "Ɗana, ni rigar harsashina ita ce gwiwata. In na ja ciki na matsa taku goma, na fi mai nikel." Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Da muka ce to yaya mutum zai san abin da bindigarsa ke yi, sai aka nuna mana hanya mai sauƙi, wadda maharban Turai ma ita suke bi. A samu babban kwali a kafa shi a wurin da babu mutum ko dabba a bayansa, a ja da baya taku 35, a harba sau ɗaya, sa'an nan a je a dubi yadda ƙwayoyin suka zauna. In akwai giɓin da zabo zai shige, to wannan tazara ta fi ƙarfin wannan harsashi a wannan bindiga. Kowace bindiga da halinta, sai an gwada akan san na ƙwarai.

Abin Da Malamai Suka Ce

Maganar huda ba ta maharba kaɗai ba ce, ta shafi halaccin naman. A littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Zongo, abin da aka kashe da duka, kamar jifa da dunƙulen yumɓu, ba ya ciyuwa sai an riske shi da rai an yanka. Da bindiga ta bayyana, malamai sun yi saɓani a kan harsashin dalma, amma da yawa daga malaman baya, musamman na birnin Fas a Maroko, sun halatta shi, saboda yana hudawa yana zubar da jini. Shehu Dardir na Masar ma ya kawo wannan ra'ayi a sharhinsa na Muhtasar. Sharaɗi shi ne a yi niyya, a ambaci sunan Allah lokacin harbi, in kuma an tarar da tsuntsu da sauran rai a yanka shi nan take. Saboda haka maharbi Musulmi yana da dalili biyu na neman harbi mai kyau: kada ya azabtar da halittar Allah a banza, kada kuma ya kawo wa iyalinsa abin da ke da shakka.

Daga Daji Zuwa Tukunya

A hanyarmu ta komowa da zabi uku a cikin buhu, sai tunani ya koma kan waɗanda za su ci. A nan ne dattawan majalisa suka yi gaskiya, ko da yake ba ta fuskar da suke nufi ba. Mai riga da marar riga, duka dalma ce a ciki, dalma kuwa guba ce. Ƙwayar da ta bugi ƙashi tana farfashewa, rigar ta yage, ta bar ɓurɓushin da ido ba ya gani a cikin nama, ko da an tsince manyan. Binciken da aka yi a ƙasar Sifen ya nuna cewa dafa irin wannan nama da abu mai tsami yana ƙara narkar da dalmar cikin romo. A 2012 hukumar kula da abinci ta Ingila ta gargaɗi mata masu ciki da ƙananan yara su rage cin naman da aka harbo da dalma. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a ce ba ya cutarwa. Tana taɓa ƙwaƙwalwa, ta rage fahimta, kuma abin da ta ɓata ba ya gyaruwa.

Mu Hausawa ba sai an yi mana dogon bayani ba. A 2010 gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara. Ba muna cewa zabo ɗaya zai yi irin wannan ɓarna ba, amma gidan maharbi da ake cin naman harbi mako-mako, ko ake narka batur a tsakar gida, yara suna tara ta kaɗan-kaɗan, babu zazzaɓi babu ƙurji, sai dai a ga yaro ya kasa riƙe karatu a ce ba ya da ƙwazo.

Daji ma yana shan nasa rabo. Kowane harbi yana watsa ɗaruruwan ƙwayoyi, kaɗan ne ke samun tsuntsu, sauran su zube a ƙasa. Zabi da fakara da agwagin ruwa suna tsintar tsakuwa su haɗiye don niƙa abinci a ƙundu, sai su haɗa da ƙwayar dalma. Ƙundu kuwa dutsen niƙa ne, ba ya jin kunyar riga. Wannan ne ya sa Amurka ta hana harbin tsuntsayen ruwa da dalma a 1991, Denmak ta hana ƙwayar dalma a farauta baki ɗaya a 1996, Tarayyar Turai kuma ta hana ta a fadamu da bakin ruwa daga 2023. A duk waɗannan dokoki, dalma mai riga ba ta tsira ba, tare aka haɗa su. Abin da suka koma gare shi shi ne ƙwayar baƙin ƙarfe da makamantanta. Ita kuma ba ta kai dalma nauyi ba, sai an ƙara girman ƙwaya an rage tazara, sa'an nan taurinta yana iya ɓata bututun tsohuwar bindiga, don haka kada kowa ya ɗura ta a bindigar da ba a yi don ita ba.

Shawararmu

Ga maharbi: ya nemi ƙwaya daidai da tsuntsun, ya gwada bindigarsa a kan kwali, ya matsa kusa kafin ya harba. Wanda ya yi waɗannan uku bai rasa komai ba don bai samu mai riga ba. Kada a narka dalma a gida, kada a bar yara su yi wasa da kwanson harsashi, kada kuma a sa wa daji wuta don korar nama. Waɗanda suka ga gobarar 1983 da yunwar da ta biyo bayanta ba sa bukatar tuni.

Ga uwargida: in an kawo naman harbi, a fige a duba da kyau, a bi kowace huda da wuƙa a yanke naman da ke kewaye da ita da duk inda jini ya taru, a zubar inda kaji ba za su tsinta ba. Mai ciki da mai shayarwa da ƙananan yara kuwa, a ba su zabon gida. Allah ya hore mana shi, ana kawo shi daga Bolga da Bawku da Tamale har cikin Zongo, wuƙa ce ta yanka shi, babu dalma babu shakka. Rigakafi ya fi magani.

Samarinmu na Turai mun gode da labari, kuma ba ƙarya suka faɗa ba: mai riga ta ainihi ta fi huda daga nesa. Sai dai in za su sake aiko mana da labari, su haɗa da na dokokin da ƙasashen da suke zaune suka kafa a kan dalmar. Mu kuma a nan, muna roƙon limamanmu da sarakunan Zongo su riƙa tunatar da jama'a in lokacin farauta ya kewayo. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya kiyaye mana zuriya, ya sa albarka a abin da muke ci. Sai mun sadu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.